Canjin kabureta a wani injin huɗa na masu albasa a Pitowa

Injin da ake magana a kai ƙaramin injin huɗa ne na hannu, irin wanda mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙaho biyu, wuƙaƙensa na barzar ƙasa. Wasu manoman albasa ne a fadamar Pitowa da ke arewacin Kamaru, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, suka haɗa kuɗi suka saye shi, suna karɓa-karɓa. Kansa ɗan Sin ne, mai lamba 170F, wato kwaikwayon Honda GX200 da aka ɗan faɗaɗa wa silinda zuwa milimita 70. Silinda ɗaya gare shi, yana shan fetur zalla, baƙin mai kuma a wurinsa daban. Irin wannan kai shi ne a kan da yawa daga cikin injinan ban ruwa da ke bakin Binuwai da Mayo Kebbi, don haka duk abin da za a faɗa nan ya shafe su su ma.

An ajiye shi a ƙarshen watan Afrilu bayan an kwashe albasa, a ƙarƙashin rumfar kwano, da kusan rabin tanki na mai, famfon mai kuma a buɗe. Ba a sake waiwayarsa ba sai tsakiyar Oktoba, lokacin da irin albasa ya fara tasawa a gandun reno ana son a gyara fangula kafin dashe. Irin albasa ba ya jira. In ya wuce mako shida zuwa takwas a wurin reno ya tsufa, dashensa ba ya yin kyau, shi ya sa kowa a ƙungiyar ya ƙagu.

Alamar farko ita ce injin ba ya tashi sai an rufe cok, da an buɗe cok kuma ya mutu. In aka bar cok rabi sai ya riƙa hawa yana sauka da kansa, sandar gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, tana kai da komo. Ga wanda ya san aikin, wannan magana ce a fili: mai ya yi wa injin kaɗan, iska ta yi yawa. Rufe cok yana rage iskar ne, shi ya sa yake ɗan daidaita. Da a wannan matakin aka kwance kofin kabureta, aka fitar da jet, wato ɗan sukurun mai ramin da mai ke bi, aka wanke da maganin feshi da iska, mai yiwuwa da an tsira da tsohuwar kaburetar.

Ba haka aka yi ba. An kai shi wurin wani mai gyaran babur da ke kusa, shi kuma ya zare jet ya zura masa allurar ɗinki yana murzawa har ya ga haske sosai. Injin ya tashi nan take ba tare da cok ba, kowa ya yi murna. Kwana biyu da fara aiki sai baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi ƙirin da kunkunniya, tankin da ke kai su har azahar ya koma ƙarewa da hantsi. Dalili a lissafe yake. Lambar da ke jikin jet ita ce faɗin raminsa: 72 na nufin milimita 0.72, kuma injinan wannan aji suna amfani da jet tsakanin 70 da 75 ko kusa da haka. Jet tagulla ce mai laushi, allura ƙarfe ce. In ramin ya buɗe daga 0.72 ya kai milimita ɗaya cif, ido ba zai ga wani bambanci ba, amma filin da mai ke bi ya kusa ninkawa biyu. Injin fetur yana son kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai a ma'aunin nauyi, ramin da aka ƙwaƙule ba ya komawa, kuma babu sukurun da za a juya ya gyara wannan.

A haka aka ɗora shi a keke mai ƙafa uku aka kawo shi Garwa wurin bakaniken injinan ban ruwa.

Bai fara da kabureta ba, kuma daidai ya yi. Ya zare fulogi, ya wanke, ya jingina shi da jikin inji ya ja igiya: wuta shuɗiya mai ƙarfi. Ya auna tazarar bakinsa ya mayar da ita tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Ya ja igiya a hankali ya ji inda take cijewa, matsi yana nan. Sai ya buɗe murfin baƙin mai, nan ne abin ya fito. Man ya tumbatsa ya zubo da kansa, ya tsinke kamar ruwa, yana warin fetur. Injin da ke cin lita 0.6 na baƙin mai ba shi da dalilin ambaliya sai in wani abu ya shiga ya ƙaru a kai. Abin da ya faru shi ne allurar fulota, wadda ke toshe hanyar mai in kofin kabureta ya cika, ba ta rufewa. Tanki yana sama da kabureta, mai na gangarowa da nauyinsa, in allura ba ta toshe ba sai kofi ya cika, man ya haura maƙogwaro, ya bi ta bawul ya shiga silinda, ya sulale ta gefen ringi ya tarar da baƙin mai. Jijjigar hanya da famfo a buɗe ta ƙara wa abin.

Babban cikin manoman ya tambaya: "Malam, ba za a wanke ta kawai a mayar ba? Iri na jiranmu."

Bakaniken bai amsa ba sai da ya kwance notin ƙasan kofi da sifana 10 ya juye abin da ke ciki a murfin galan. Ruwa ne ya fara fitowa, ɗigo-ɗigo yana taruwa a ƙarƙashin man, sai jan gari na tsatsa. Ƙasan kofin ya ci ramuka. Jikin kaburetar daga ciki, wurin da jet ke ɗaurewa, ya yi farin gari kamar an barbaɗa toka. Ya kama sandar totur, wato ƙyauren da ke ƙara wa inji wuta ko ya rage, da yatsa biyu ya girgiza, tana motsi gefe da gefe har ana jin ƙas-ƙas. Ya miƙa wa dattijon ya ce: "Baba, taɓa nan ka ji. Wannan ba datti ba ne, ci ne."

Shawarar canji ta tsaya a kan abu uku, kuma ya kamata a rarrabe su, domin ba kowace kabureta mai datti ce ta mutu ba. Jet da aka ƙwaƙule ana iya samun wani a saka. Kofi ma ana canzawa. Amma mazaunin allura a irin waɗannan kabureta a jikinta yake, in ruwa ya cinye shi ko an sa sabuwar allura yoyo ba zai daina ba. Farin garin nan kuma yana cikin ƙananan hanyoyin man sulo, wato mafi ƙarancin gudun inji, da ba a iya kaiwa gare su, yau a wanke gobe ya sake ɓarɓashi ya toshe. Na uku, sandar totur da ta yi lako-lako tana shigar da iskar da ba ta bi ta matata ba, kuma ba a saita sulo a kan iskar da ba a san yawanta ba. Ƙurar hunturu ce ke yin wannan ɓarna, tana shiga tsakanin sanda da raminta tana gogewa. Idan biyu daga cikin ukun nan suka haɗu, kuɗin kayan gyara da lokacin da za a ɓata sun fi kuɗin sabuwa.

Sayen sabuwar ma sai da aka yi sawu biyu. Yaron da aka aika kasuwa ya tafi da lambar inji kawai, ya dawo da kabureta ta janareta. Ramukan kusoshinta sun yi daidai, faɗin maƙogwaron ma haka, amma ba ta da famfon mai a jikinta, domin janareta famfonsa na ƙarƙashin tanki, hannun cok ɗinta kuma wani fasali ne da ba ya shiga gidan matatar iskar injin huɗa. Lambar 168F ko 170F ba ta isa ba. Tsohuwar ake ɗauka a tafi da ita a ɗora kusa da sabuwar a kan teburin mai kaya, a duba tazarar ramukan kusoshi, faɗin baki ta ɓangaren inji, gefen da bututun mai yake kallo, hannun cok, famfo da ƙaramin kofin tara datti da ke ƙarƙashinsa, da ramuka biyu na saman hannun totur, babba na sandar gwamna, ƙarami na siririn sifirin. Kafin a biya kuɗi akwai gwaji mai sauƙi: a buɗe famfo, a hura iska da baki ta bututun mai, a miƙe iska ta wuce, a kife kaburetar ƙasa a sama kuma ta ƙi wucewa. Wadda ta bar iska ta wuce a kife, allurarta ba ta zama, a mayar wa mai ita. A tabbata kuma an haɗo da gaskit sababbi, duka uku.

Cirewa ba ta da wuya, kayan aikin ma kaɗan ne: sifana ko soket 10, sukundireba mai faɗi da mai kan kuros, da filaya mai dogon baki. Inji ya huce, a zare hular fulogi, a yi aikin a fili nesa da murhu da mai shan taba. A rufe famfo, a tsiyaye kofi ta ƙaramin sukurun da ke gefensa. A cire matatar iska, a tura hannun cok da na famfo gefe guda domin gidan matatar ya samu hanyar fita, a kwance noti biyu da ke kan dogayen kusoshin, da wanda ke riƙe gidan ta sama, a zare tiyon numfashi da ya taho daga murfin bawul. Tiyon mai a matse shi ko a tsiyaye tanki tukuna. Kafin a taɓa sandar gwamna a ɗauki hoto da waya. Siririn sifirin ake fara cirewa da filaya, a hankali, domin in ya miƙe ya tashi aiki. Sannan a jawo kaburetar waje a kan kusoshinta har tsagar da ke hannun totur ta yi layi ɗaya da lanƙwasar sandar, sai sandar ta fito sama ba tare da an tilasta mata ba. Wanda ya lanƙwasa sandar nan don ya yi sauri ya canja tsawonta, kuma ya canja gudun injin ke nan.

Notin da ke matse hannun gwamna a kan sandarsa, can ƙasan tanki, ba ya cikin wannan aiki. Kada a kwance shi. Gwamna shi ke hana injin wuce juyi 3,600 a minti da wani abu mai yawa, injin da gwamnansa ya kuɓuce yana iya jefar da kwanrod, wato sandar fistin, ta jikin buloki.

Kafin sabuwar ta hau, sai da aka koma kan abin da ya kashe tsohuwar, kuma a ganinmu nan ne rabin aikin yake. An sauke tanki. Cikinsa ya yi tsatsa daga layin da man ya tsaya zuwa sama, domin rabin tanki iska ce, iskar damina kuma da laima take, dare ya yi sanyi ta zama raɓa a jikin ƙarfe ta gangara ƙasa. Sauran ruwan daga man ne. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake saye a kwalba a bakin hanya, ya bi jarka da duro da yawa kafin ya iso, ba lallai mai sayarwa ya zuba wani abu da gangan ba, duro ɗaya da ya kwana a ruwan sama ya isa. Zafin Afrilu da Mayu na Garwa, da ke haura digiri 40, shi kuma ya busar da mai sauƙin cikin fetur ya bar danƙo a jet. An zuba ƙananan notuna tsabtatattu cikin tankin da kananzir aka girgiza, aka zubar, aka maimaita har abin da ke fitowa ya daina ja, aka ƙirga notunan aka tabbatar duk sun fito, aka ɗauraye da fetur aka shanya. Ƙaramar ragar da ke bakin mafitar tanki ta toshe rabi, an wanke ta. Tiyon mai ya bushe ya tsattsage, an sa sabo mai rami kusan milimita 5, na fetur, ba farin tiyon ruwa da ke taurarewa cikin wata guda ba. An zubar da gurɓataccen baƙin mai aka zuba lita 0.6 sabo.

Matatar iskar wannan inji irin mai wankan mai ce, wadda ta fi dacewa da aikin ƙura. An tarar da kofinta a bushe, da taɓo a ƙasa. Ba tare da mai ba wannan matata raga ce kawai, ƙura na ratsa ta. An wanke da kananzir, an zuba baƙin mai daidai layin da aka zana a jikin kofin, ba a wuce ba, don in ya wuce injin zai zuƙe shi ya yi hayaƙi.

Jerin mayarwa daga jikin inji zuwa waje shi ne gaskit, sai baƙar roba mai tauri da ke raba kabureta da zafin kan inji, sai wani gaskit, sai kabureta, sai gaskit na uku mai ƙarfe a ciki, sai gidan matata. Gaskit biyun farko ba iri ɗaya ba ne ko da sun yi kama. Na jikin inji raminsa ya bi fasalin bakin inji, na jikin kabureta zagayayye ne kuma yana da ƙaramin rami ko tsaga da dole ta hau kan tata a jikin kabureta da robar. Ta nan kofi ke shaƙar iska, in aka juya gaskit ya rufe wurin, sabuwar kabureta za ta yi ta yi wa mutum wasa da hankali. Ba a shafa gam ko silikon, fetur na narkar da shi ya tura cikin hanyoyin. Sandar gwamna ake fara maƙalawa tun kaburetar na bakin kusoshi, sai sifirin, sannan a tura ta ciki. A motsa hannun gwamna da yatsa a ga totur na buɗewa yana rufewa ba cijewa.

An gama, an buɗe famfo, an jira minti biyu ana duban ƙasan kofi ko zai jiƙe. Bai jiƙe ba. Ja biyu injin ya tashi, aka buɗe cok ya ci gaba. Amma da ya yi zafi sai hawa da saukar nan ta dawo, ba kamar da ba, amma tana nan, a sulo musamman.

A irin wannan lokaci ne ake zagin kayan Sin a ce sabuwar ma jabu ce. Bakaniken ya bar injin a sulo, ya ɗauki gwangwanin maganin wanke kabureta ya fesa kaɗan a mahaɗar da ke tsakanin kabureta da kan inji, nesa da salansa. Nan take muryar injin ta canja, ta daidaita na daƙiƙa biyu, ta koma. Iska na shiga ta wurin ke nan. Da aka sake kwancewa sai ga baƙar robar da tsaga siririya daga ramin kusa ɗaya zuwa bakin tsakiya, ba a ganinta sai an ɗan lanƙwasa ta a rana. Yaron shagon ya ɗaure noti ɗaya tamau kafin ya taɓa ɗayan, robar da ta sha zafi shekara da shekaru ta dare. Maigidan ya ce masa: "Kai yaro, noti biyu tare ake tafiya da su, wannan kaɗan, wancan kaɗan." Kusoshin milimita 6 ne, ɗaurin da suke so bai wuce na tafin hannu a kan gajeriyar sifana ba. Barin wannan tsaga ba ƙaramin abu ba ne. Injin da iska ta yi wa yawa yana zafi fiye da kima, yana iya ƙona bawul ɗin salansa, kuma iskar da ke bi ta tsagar ɗauke take da ƙurar fangali kai tsaye zuwa silinda.

Da aka sa sabuwar roba da wasu gaskit, hawa da sauka ta ɗauke. Saiti ya zo da sauƙi. An bar injin ya yi minti biyar, aka mayar da hannun gudu ƙasa, aka juya baƙin sukurun roba da ke tokare totur har sulo ya zauna wajen juyi 1,400 a minti. Inda babu na'urar aunawa, kunne ne: ƙasa-ƙasa yadda ba zai mutu ba, kuma in an ja hannun gudu da sauri ya amsa ba tare da tari ba. Ƙaramin sukurun tagulla na cakuɗin sulo, a kan waɗanda ke da shi a buɗe, mafarinsa kusan juyi biyu ne daga inda ya zauna, kuma ba a matse shi da ƙarfi, tsininsa na karyewa a ciki. A wannan ba a taɓa shi ba, domin babu dalili.

Gwajin gaskiya a ƙasa ake yinsa. Injin da ke kuka lafiya a shago yana iya shaƙewa da zarar wuƙaƙe sun nutse a laka. An kai shi fadama aka yi rabin sa'a ana huɗa a cikakken gudu, aka kashe, aka bari ya huce, aka zare fulogi. Bakinsa ya fito ruwan ƙasa mai haske, a bushe. Baƙi mai kunkunniya na nufin mai ya yi yawa, fari fat na nufin ya yi kaɗan. An sake duba baƙin mai washegari da safe, yana inda aka bar shi, ba warin fetur.

Ka'idar da ƙungiyar ta ɗauka daga baya gajera ce. Duk man da aka sayo a kwalba sai ya kwana a farar jarka a ga ko ruwa zai kwanta, a zuba na sama ta mazurari da ƙyalle mai tsabta, a bar na ƙasa. Famfo a rufe da zarar an kashe inji, balle in za a ɗora shi a keke. Kofin tara datti a kwance shi duk mako a zubar, a kula da zoben robarsa. Man matatar iska a duba shi kowace safiya a lokacin hunturu. In za a ajiye injin fiye da wata ɗaya, a tsiyaye tanki, a buɗe sukurun kofi har ya daina ɗiga, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a ja igiya sau biyu ko uku, sannan a tsaya inda igiyar ta cije domin bawul biyu su kasance a rufe.

Abu ɗaya ya rage ba a yi ba saboda dashe ya matso. Injin ya yi aiki na wani lokaci da matata a bushe da baƙin mai da fetur ya tsinka, duka biyun suna cin ringi. Da safe yana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi na daƙiƙa kaɗan sannan ya washe. An sa za a auna tazarar bawul da inji a sanyi, milimita 0.15 na shiga da 0.20 na fita, a kuma sake canja baƙin mai bayan awa ashirin na aiki a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe a cikinsa. In shuɗin hayaƙin ya ƙaru ko man ya fara raguwa tsakanin safiya da yamma, za a buɗe kai a canja ringi bayan an gama fangulan ƙarshe.